Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin FDA kan maganin ajiya a ɗakin likita

Zuwa ga Kwamishina da sauran shugabannin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA,
Silver Spring, jihar Maryland.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina jinjina muku kan nauyin da kuke ɗauke da shi. Duk ƙwayar da aka haɗiya a ƙasar nan da duk allurar da aka tsira wa wani, in ta yi kyau ba a tunawa da ku, in ta ɓaci ku ake fara nema. Da sanin haka na ɗauki alƙalami.

Ni mai harhaɗa magunguna ne. A Zariya na yi karatu, na zo nan na sake zama jarrabawa, yau kuma ina riƙe da ƙaramin kantin magani a wani gari na karkarar jihar Michigan, da ɗakin haɗi guda a bayansa. Babu ƙungiyar da ta aiko ni. Amma ina magana da yawun mutanen da nake cuɗanya da su kullum: masu ƙananan kantuna irina, waɗanda har yanzu suke auna gari da ruwa da hannunsu, likitocin ido da na fata da na haƙori da ke duba marasa lafiya a ɗaki biyu ko uku, nesa da babban asibiti, sai marasa lafiyar kansu, waɗanda ba su taɓa jin sashe na 503A na dokar magunguna ba, wato sashen da ya shafi kantunan haɗi irin nawa, balle su san shi ne ya sa aka ce su je su dawo. Da Hausa na rubuta domin 'yan'uwana mazauna ƙasar nan, daga Bronx har Houston, su ma su san abin da ake ciki. Ku kuwa ba ku rasa tafinta.

Maganar a kan hukuncin da kuka yanke ne a watan Disambar 2016. A takardar jagorar da kuka fitar lokacin, kun ce kantin da ke haɗa magani a ƙarƙashin sashe na 503A ba zai fitar da ko kwalba ɗaya ba sai ya karɓi takardar likita mai ɗauke da sunan wani mara lafiya takamaimai. Kafin nan, a jihohi da dama, likita kan yi odar 'yan kwalabe na maganin da babu kamfanin da ke yin irinsa, ya ajiye a ɗakin dubawarsa, wanda ya shigo da larura a yi masa nan take. Kuka ce mai son irin wannan ajiya ya nufi manyan gidajen haɗi na sari, waɗanda sashe na 503B ya kafa. A kan takarda rabon ya fita tsaf. A gari irin namu ya bar rami, kuma ramin na zo in nuna muku.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in fara da laifinmu. A shekarar 2012 wani kanti mai suna New England Compounding Center, a garin Framingham na jihar Massachusetts, mai lasisi irin wanda ke rataye a bangona, ya cika kwalabe fiye da 17,000 da allurar sitiroyid da ake yi wa masu ciwon baya a gefen laka. Ya aika wa asibitoci da ɗakunan likitoci 76 a jihohi 23. Fumfuna ce a ciki, irin wadda aka saba gani a jikin ciyawa, Exserohilum rostratum. Mutum kusan 14,000 aka yi wa allurar. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga 753 da suka kamu da sanƙarau ko wasu cututtuka a jihohi 20, da 64 da suka mutu, daga baya kuma masu gabatar da ƙara suka ce mamatan sun haura 100. A nan Michigan ɓarnar ta fi yawa, mutum 264.

Ni na taso ne a ƙasar da ake fargabar sanƙarau duk bazara. Na ga ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Mun san ta da zafi da ƙura da cunkoson ɗaki. Ban taɓa kawowa a raina zan ga annobarta a Amurka ba, wai kuma daga kwalbar da ɗan sana'ata ya rufe da hannunsa ta fito. Da sufetocinku suka shiga gidan, sun tarar da wani baƙin abu mai ratsin kore yana yawo a kwalabe 83 cikin 321 da ke akwati guda. Sun tarar ana kashe na'urar sanyaya ɗakin haɗin daga ƙarfe takwas na dare zuwa biyar da rabi na asuba. Barry Cadden, shugaban gidan, an ɗaure shi shekara tara a 2017, aka mayar da ita goma sha huɗu da rabi a 2021. Glenn Chin, mai kula da ɗakin haɗin, ya tashi daga takwas zuwa goma da rabi. Ban ji tausayin ko ɗayansu ba.

Kuma ba a Framingham na fara koyon tsoron kwalba ba. Ina ɗalibi a 1990 lokacin da yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan, bayan an ba su farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol, gubar da aka sayar wa masu haɗin da sunan wani sinadari mara illa. Gubar nan ita ce ta kashe fiye da mutum 100 a nan Amurka a 1937, har ta haifar da dokar 1938 da kuke aiki da ita yau. Wanda ya san waɗannan ba zai zo ya ce ku ɗauke ido daga kanmu ba. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 27 ga Nuwamban 2013, wadda ta raba mu da 'yan sari, na yi maraba da ita, har gobe kuma ina yi.

Sai dai ku sake duban Framingham da kyau. Dokar Massachusetts ta riga ta wajabta takarda mai suna tun kafin annobar. Me gidan ya yi? Ya cike takardu da sunayen ƙarya, har da na taurarin talabijin da na 'yan wasan zane na yara, ya ci gaba da lodi. Ku da kanku kun aika masa takardar gargaɗi a Disambar 2006. A Yulin 2012, wata biyu kafin a gano annobar, hukumar kula da kantunan magani ta jihar Colorado ta sanar da ta Massachusetts cewa gidan na aika magani da yawa ba tare da takardun marasa lafiya ba, maganar ta kwanta a tebur, sai a Nuwamba aka kori daraktan hukumar ta Massachusetts. Abin da aka rasa a Framingham ƙafar sufeto ce a bakin ƙofa. Suna kuwa, a duk abin da ke cikin sana'ar nan babu mai arhar ƙirƙira kamarsa. Maƙaryaci ya rubuta ɗari kafin shayinsa ya huce. Mai gaskiya shi ne sharaɗin ya ɗaure.

Kokena na farko jinkiri ne, kuma a kansa zan fi daɗewa, don shi na gani da idona.

Wata Juma'a cikin hunturu, shida saura kwata na yamma, wani likitan ido da ke mil 40 daga kantina ya kira ni. Wani matashi mai aiki a gonar shanu ya kwana da gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido, ya wayi gari da gyambo a tsakiyar baƙin idonsa. Irin wannan gyambo, in muguwar ƙwayar cuta ce, yana iya huda ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganinsa ɗigo ne mai ƙarfi na bankomaisin da tobramaisin, wanda ya ninka na kasuwa kauri, ana ɗigawa duk awa, dare da rana. Ba a sayar da shi a kwali, haɗa shi ake yi. Likitan ya aiko takarda da suna, na shirya kwalabe biyu. To wa zai kai? Yaron ido ɗaya a rufe, ɗayan na zubar da ruwa, ba ya iya tuƙi. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, mai kai mana saƙo ya tashi. Na rufe kanti na ɗauki mota da kaina. Ɗigon farko ya shiga idon bayan ƙarfe goma na dare. Idon ya tsira, da tabo a tsakiya. Ba zan ɗora tabon a kan awa huɗun nan ba, likitan ma bai ɗora ba. Amma duk wanda ya karanci ido ya san ba a ba wa gyambo awa huɗu kyauta.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Takardarku ta 2016 ta yarda in haɗa magani tun kafin takardar likita ta zo, gwargwadon abin da na saba fitarwa cikin kwana 30. Ƙa'idar USP ta 797, wato ƙa'idar haɗa maganin da bai kamata ya ɗauki ƙwayar cuta ba, wadda sabon zubinta ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamban 2023, ta ba irin wannan haɗi kwana 10 a firji, ko 45 a daskare. Ke nan kwalbar tana iya zama a firjina wata ɗaya da rabi, halal ce. Kwalbar nan dai, hannun nan dai, lambar haɗin nan dai, in ta koma firjin likitan da zai yi amfani da ita, ta haramta. Mil 40 ne kawai ya shiga tsakani, shi ma a gefen da ke cutar mara lafiya. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar nan ta ce a fafe, amma a bar shi a wani gari.

Ba ido kaɗai ba ne. Likitan fata da ke son shafa wa yaro magani a ƙurjinsa, likitan mafitsara da ke son gwada wa namiji allurar farko a gabansa don ya ga adadin da jikinsa zai ɗauka, likitan haƙori mai son man kashe zafi na musamman, duk sai su duba mutum yau, su rubuta takarda, ya dawo wani mako. Zuwa biyu, kuɗin ganin likita biyu, fashin aiki biyu. Ga direban tasi ko mai aikin gidan tsofaffi da ake biya da awa, zuwan na biyun sau da yawa ba ya faruwa.

Za ku ce ai ga 'yan sari. Wannan shi ne koke na biyu. Gidajen 503B ba su kai ɗari ba a duk faɗin ƙasar, kuma an ɗora musu ƙa'idar masana'anta, daidai ne kuwa. Amma ƙa'idar masana'anta tana da tsada. Kowane sabon haɗi sai an yi masa gwajin daɗewa, kowane zubi sai an yi masa gwajin tsarki, ga kuɗin rajista na shekara da doka ta fara daga dala 15,000. Wanda ya kashe wannan kuɗi sirinji dubu goma na maganin tiyata yake son cikawa ya kai manyan asibitoci. Ba ya kunna injinsa don kwalba shida na ɗigon da zai lalace kafin wata biyu. Ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne. Likitan ƙauye in ya buga waya, ko a ce ba a yin wannan, ko a ce mafi ƙarancin oda ya fi abin da zai ƙarar a shekara. Ga shi kuma su ma ba duwatsu ba ne. PharMEDium, wanda yake cikin mafi girmansu, ya shiga yarjejeniyar kotu da gwamnati a 2019, a farkon 2020 masu shi suka sanar da rufe shi. Duk wanda ya dogara da shi sai da ya koma neman wani.

A nan ku ma kuna da naku kason. Doka ta ce gidan sari ba zai yi haɗi daga ɗanyen sinadari ba sai sinadarin na cikin jerin da za ku fitar, ko kuma maganin ya yi ƙaranci a kasuwa. Sai a Janairun 2022, shekara takwas bayan dokar, kuka saka huɗu na farko a jerin. Sauran ana ta lallaɓawa ne da jerin wucin gadi. Wane mai jari ne zai gina layin haɗi a kan abin da za a iya janyewa gobe? Kun nuna mana ƙofa, kuka bar ta a saye.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, don ya shafi abokan aikinmu likitoci. In kantin magani ba zai kawo ba, ɗan sari kuma ba ya yi, haɗin ba ya fasuwa. Wuri yake sauyawa. Ɗauki wanda ƙwayar cuta ta shiga cikin idonsa bayan aikin yanar ido. Ana tsira masa allura a cikin idon, bankomaisin miligiram 1 da seftazidim miligiram 2.25, kowanne a cikin kashi ɗaya bisa goma na mililita. Kwalbar bankomaisin ta kasuwa miligiram 500 ce. Sai an narkar da ita a mililita 10, a ɗebi 2 a zuba a 8, sannan a zuƙi ɗigon da ake so. Ni ina yin wannan a ƙarƙashin murfin iska mai tacewa, da riga da safar hannu da takunkumi, wani na duba lissafina, kuma duk wata shida ana gwada iskar ɗakin da hannuna. A ɗakin likita, ma'aikaciyar jinya ce ke yi a kan kanta, kusa da famfon wanke hannu, mara lafiya na nishi a ɗaya ɗakin, waya na ƙara. Ƙa'ida ta yarda da haka in za a yi amfani da shi cikin awa huɗu. In ta tsallake mataki ɗaya, abin da zai shiga idon ya ninka sau biyar. Ba rashin iyawarta ba ne, an dai ba ta aikin da ba nata ba a wurin da ba nasa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ina sane cewa a nan ma hannunmu ba fes yake ba. A 2011, a yankin Miami, mutum 12 suka kamu da mummunar cuta a ido daga sirinjin Avastin, maganin da ake tsira wa mutum a ido, wanda wani kantin magani ya rarraba, wasu suka rasa ganinsu. Wannan hujja ce ta a tsananta wa ɗakin haɗi. Ban ga yadda ta zama hujjar mayar da haɗin gefen famfo ba.

Sai ruɗanin doka. Akwai jihohin da har yau dokarsu ta yarda kanti ya ba likita ajiya kaɗan. Mai kanti na riƙe da lasisin jiha da ya ce yi, ga takardar tarayya da ta ce kada ka kuskura. Sufeton jiha ya zo ya duba ya tafi lafiya, naku ya zo ya rubuta laifi a kan abu guda. Masu tsoron Allah da tsoron lauya suka daina. Waɗanda ba su da ko ɗaya suka koma dabarar Framingham: likita ya aiko sunayen waɗanda ke cikin littafinsa na mako mai zuwa, a manna a kwalabe, a yi wa duk wanda ya shigo. An taɓa kawo mini irin wannan tayi, na ƙi, na rasa cinikin. Wani ya karɓa. Illar ita ce ranar da za a janye wani zubi, sunan da ke jikin takarda daban, wanda maganin ke jikinsa daban. Sharaɗin da aka kafa don a san wa aka yi wa, shi ne ya sa ba za a sani ba.

Abin da ya sa nake ganin akwai mafita shi ne ku da kanku kun buɗe ƙofar nan sau uku. A Afrilun 2020, da korona ta cika ɗakunan numfashi, kun yarda kantunan 503A su kai wa asibitoci wasu magunguna ba tare da suna ba, bisa sharaɗin asibitin ya nema a wajen 'yan sari ya rasa, hukumar jiha ta sani, kuma a aiko da sunayen cikin wata guda. Da annobar ta lafa aka rufe. Ga asibitoci masu rassa, daftarinku na 2016 ya bar su su raba haɗinsu cikin tazarar mil ɗaya, na Oktoban 2021 ya cire ma maganar mil ɗin. A Afrilun 2022 kuma kuka fitar da jagora mai lamba 256, wadda ta bar likitan dabbobi ya ajiye wasu haɗe-haɗe a ɗakinsa saboda larurar da ba ta jira. Na san sashe na 503A bai shafi dabbobi ba, lauyoyinku ba sai sun tuna mini ba. Amma ku zo ku yi wa yaron gonar shanun nan bayanin yadda aka yi likitan dabbobi ke da ikon da likitan idonsa ba shi da shi.

Na san amsarku, kuma ba ta banza ba ce. Kuna cewa takarda mai suna ita ce iyakar da ta raba kantin magani da masana'anta, in aka goge ta kowane mai kwaɗayi zai fake da lasisin kanti ya riƙa cika tireloli. Haka ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Sai dai akwai iyakokin da suka fi suna wuyar tsallakewa. Adadi yana ƙirguwa. Iyakar jiha tana ganuwa a takardar mai ɗaukar kaya. Kwalba 17,000 zuwa jihohi 23 ba ta ɓuya a bayan dokar da ta ce kwalba goma, cikin jiha ɗaya.

Don haka ga roƙona, ranku ya daɗe.

Ku zauna da ƙungiyoyin likitocin ido da na fata da na haƙori da na mafitsara, ku fitar da gajeren jeri na magungunan da ba sa jira, waɗanda 'yan sari ba sa yi. A kan wannan jeri kaɗai, ku bar kantin 503A ya ba likitan da ke jiharsa ajiya. Ku yanke adadi, ku yanke shi ƙasa-ƙasa. A rubuta a jikin kwalba cewa ba ta sayarwa ba ce. Likita ya sa hannu cewa ya nema a sari ya rasa. Duk wanda aka yi wa, sunansa da lambar haɗin su dawo wa mai kanti cikin kwana bakwai, abin da ya rage kuma a rubuta ranar da aka zubar da shi. Likitan da bai dawo da suna ba, kada a sake ba shi.

In kun ce lafazin doka ya ɗaure hannunku, to ku faɗa wa Majalisa haka a fili, ku kuma kai mata rubutun gyaran da za ku iya zama da shi. Tun 2017 ɗan majalisa Morgan Griffith na Virginia da Henry Cuellar na Texas suka gabatar da ƙuduri kan wannan magana, aka sake kawo shi a zaman da suka biyo baya, bai zama doka ba. Wasu daga cikin abokan sana'ata suna son a buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ni ba na tare da su. Amma muddin ku kuna cewa a'a kawai, su kuma suna cewa a saki duka, babu mai rubuta abin da ke tsakiya, kuma ku kuka fi kowa sanin inda ya kamata a ja layin.

Ku sa farashi a kan wannan izini, mu biya. Duk kantin da ke son ba da ajiya ya yi rajista da sunansa a wajenku da wajen jiha. A shigo masa ba sanarwa aƙalla sau ɗaya a shekara, a ɗaga murfin iska, a duba littafin zafin firji, a buga sakamakon inda kowa zai gani. Ku ɗora mana wajibcin kai rahoton mummunar illa cikin kwana 15, kamar yadda yake kan 'yan sari. In jiha ba ta da sufetocin da suka san ɗakin haɗi, ku horar mata, in ta ƙi, kantunanta su haƙura da izinin. A garinmu na haihuwa mutane na share rariya ne ranar da suka ji duba-gari na tafe. Ban ga ɗan Adam ya sauya hali don ya ƙetare teku ba.

Gidajen sari suna kawo muku rahoton abin da suka haɗa duk wata shida, a Yuni da Disamba. Ku mayar da shi abin da likita zai buɗe da ƙarfe shida na yamma ya ga wa ke yin maganin yanzu, nawa ne mafi ƙarancin oda, kwana nawa zai iso. Ku kuma ƙarasa jerin ɗanyen sinadaran nan.

Na ƙarshe ƙarami ne. Fom ɗinku na MedWatch an tsara shi don a kawo ƙarar maganin da ya cutar. Ku buɗe gurbi a cikinsa na maganin da bai iso ba, likita ya rubuta awa nawa aka jira da abin da ya biyo baya. In shekara biyu ta wuce gurbin bai cika ba, zan sake rubuto muku a wannan fili in ce na yi kuskure.

Ƙofar kantina a buɗe take ga duk wanda za ku turo, ba sai ya kira ba. Zan ba shi riga da takunkumi ya shiga ɗakin haɗi, in nuna masa littattafaina, sannan in buɗe masa firji. A can ƙasa, wajen daskararwa, akwai kwalabe biyu na ɗigon ido da na haɗa saboda likitan nan na mil 40. In wa'adinsu ya cika ba a aiko da suna ba, zan zubar in haɗa wasu, kamar yadda na yi da na watan jiya.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai harhaɗa magunguna,
jihar Michigan.